Masu Su Da Gashin Tsuntsu A Kogin Kolambiya

A ce ga wani mutum ya tashi tun da asuba, ya shiga ruwan sanyi har ƙugu, ya wuni a tsaye yana jefa fatsa wadda babu ko tana a bakinta sai gashin zakara. Can da la'asar ya sami kifi mai tsawon hannu, ya jawo shi da ƙyar, ya dube shi, sa'an nan ya zare ƙugiyar ya sake shi, ya koma gida hannu wofi yana murna. Me za ku ce da shi? Da yawa a cikinmu za su ce a kai shi a duba lafiyar kansa.

Amma a arewa maso yammacin Amurka akwai dubban mutane masu cikakken hankali da suke yin haka kowace shekara, har su biya kuɗin lasisi domin a bar su su yi. Yau za mu kai ku babban kogin wannan yanki, watau Kogin Kolambiya, mu ga yadda ake wannan irin su, mu kuma san kifaye uku da ake nema a can: salmon, da sitilhed, da bas. Wanda ya bi labarin kifayen nan uku zai gane dalilin da ya sa ake sakin wani kifi a tafi da wani gida, zai kuma ga yadda kogin da ake tsammani arzikinsa ba ya ƙarewa ya koma ana ƙidaya kifinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kogin kansa

Kada a rikita shi da ƙasar Kolombiya ta Kudancin Amurka. Kogin Kolambiya ya taso ne daga wani tabki a cikin duwatsun yammacin Kanada, ya fara nufar arewa, sa'an nan ya juyo kudu ya shiga jihar Washinton ta Amurka. Daga nan ya karkata yamma, ya zama iyaka tsakanin Washinton da Oregon, har ya faɗa Tekun Fasifik kusa da garin Astoria. Tsawonsa wajen kilomita 2,000 ne, watau kusan rabin tsawon Kogin Neja. Duk cikin kogunan Arewacin Amurka da ke zuba a Fasifik babu mai yawan ruwansa, gama dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan duwatsu lokacin hunturu ita ce ke narkewa ta cika shi daga watan Afrilu zuwa Yuni.

Wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Robert Gray ne ya shiga bakinsa a shekarar 1792, ya raɗa masa sunan jirginsa. Amma tun dubban shekaru kafin zuwan Gray akwai mutane a gaɓarsa, ƙabilun asali waɗanda Turawa suka kira Indiyawa, kamar su Yakama, da Umatilla, da Nez Perce, da mutanen Warm Springs. Kifin salmon shi ne hatsinsu, shi ne kuma kuɗinsu. Babbar kasuwarsu tana wurin da ake kira Celilo, inda kogin ke zubowa daga kan duwatsu da ƙara mai ƙarfi. Sukan kafa dakalin katako a kan ruwan, mutum ya tsaya da homa mai doguwar ƙota yana kwasar kifin da ke ƙoƙarin tsallake gangaren. Mata su shanya shi, su daka, su ɗura a kwanduna, baƙi daga nesa su zo da fatu da sauran kaya a yi musaya.

Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, salmon da sitilhed miliyan 10 zuwa 16 ne suke shigowa kogin nan daga teku kowace shekara. Mu riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Yadda fatsar take

Fatsar da muka saba da ita tana da tana ko ɗan kifi a bakin ƙugiya, da ɗan nauyi na darma wanda ke jan zare zuwa cikin ruwa. Wannan kuwa dabam ce. Masunci yakan ɗauki ƙugiya tsirara, ya naɗe ta da zare, ya ɗaura mata gashin tsuntsu, da gashin barewa ko na zomo, da ɗan abu mai walƙiya, har ta yi kama da ƙwaro, ko ɗan kifi, ko kwaɗo. Wannan shi ne ƙudan ƙarya. Da yawa a cikinsu da hannunsu suke ɗaura nasu da dare a gida, kowane iri kuma da sunansa.

Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, wani marubucin Roma mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya waɗanda suke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, su kama kifi mai dabbare-dabbare da shi. A Ingila kuma an buga littafin da ya koyar da ɗaurin irin waɗannan ƙudaje tun shekarar 1496.

Tun da yake ƙudan ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, sai aka sa nauyin a cikin igiyar kanta. Igiyar tana da kauri, an lulluɓe ta da roba, a ƙarshenta kuma akwai siririn zare wanda kifi ba ya gani. Masunci yakan kaɗa sanda baya da gaba kamar mai bulala, igiyar ta miƙe a iska, ta ɗauki ƙudan ta ajiye shi a kan ruwa a hankali. Sandar da ake riƙewa da hannu ɗaya takan kai ƙafa 9, a gindinta kuma akwai ɗan faifai mai naɗe igiya.

A manyan koguna akan yi amfani da wata sanda mai tsawon ƙafa 12 zuwa 15, wadda ake riƙewa da hannu biyu. Asalinta daga Kogin Spey ne na ƙasar Sikotilan, inda itatuwa da tudun gaɓa suke hana mutum kaɗa igiya ta bayansa. Masuntan can suka koyi lanƙwasa igiyar a gefensu, ƙarshenta yana taɓa ruwa, sa'an nan su cilla ta gaba. Gwani yakan kai ƙudansa ƙafa 80 ko fiye ba tare da igiyar ta wuce bayansa ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, tsakiyar Kolambiya ya fi ƙarfin wannan sanda. A wurare da dama faɗinsa ya wuce kilomita guda, zurfinsa kuma ba na tsayawa ba ne, don haka yawancin salmon da ake kamawa a can daga cikin kwalekwale mai inji ake kama su da wata irin fatsa. Mai gashin tsuntsu yakan nemi gefen tsibirai, da wuraren tsakuwa marasa zurfi, da kogunan da ke zuba a cikinsa ko a rassansa, irin su Deschutes da John Day a Oregon, da Klickitat a Washinton, da Clearwater a jihar Idaho.

Salmon, mai komawa gida ya mutu

Rayuwar salmon abin mamaki ce. Macen takan haƙa rami a cikin tsakuwar rafi da wutsiyarta, ta zuba dubban ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe da tsakuwa. 'Ya'yan sukan zauna a ruwan daɗi daga 'yan watanni zuwa shekara biyu, gwargwadon irinsu. Sa'an nan jikinsu ya sāke domin ya iya ɗaukar ruwan gishiri, su bi ambaliyar ƙanƙara zuwa teku. A can sukan yi shekara ɗaya zuwa biyar suna kiwo, waɗansu har gaɓar Alaska.

In lokaci ya yi sai su juyo. Masana sun nuna cewa a cikin teku suna gane hanya ta maganaɗisun duniya, in sun shigo kogi kuma hancinsu ne ke yi musu jagora, gama kowane rafi da ƙanshin ruwansa. Haka kifi zai wuce bakin rafuka da yawa har ya iso wanda aka ƙyanƙyashe shi a ciki. Akwai waɗanda ke zuwa Tabkin Redfish a Idaho, tafiyar wajen kilomita 1,450 daga teku, suna hawa tudu kusan mita 2,000. Tun daga ranar da suka bar ruwan gishiri ba su ƙara cin abinci, kitsen jikinsu ne guzurinsu. Da sun zuba ƙwai sai su mutu. Gawarsu ta zama abincin gaggafa da namun jeji, ta zama takin itatuwan gaɓa, ta kuma ciyar da ƙwarin da 'ya'yansu za su ci in sun fito.

Mafi girma a cikinsu shi ne wanda ake kira shinuk. A zamanin dā akan kama masu nauyin kilo 30 har fiye, waɗanda ke tafiya can ƙuryar kogin cikin Kanada. Akwai kuma koho, da sokai wanda jikinsa ke komawa ja wur in ya kusa zuba ƙwai.

To, kifin da ba ya cin abinci, me zai sa ya kai wa ƙudan ƙarya cafka? Masunta suna ba da dalili biyu. Na fari, fushi: kifin da ke shirin tsare wurin ƙwansa ba ya son wani abu ya gifta ta gabansa. Na biyu, sabo: bakin da ya yi shekaru yana cafkar ƙananan kifaye a teku bai manta ba. Shi ya sa ƙudan salmon yakan zama babba, mai launi mai ɗaukar ido, ana kuma nutsar da shi har daidai hancin kifin, gama ba zai taso ya bi shi ba.

Sitilhed, kifin jifa dubu

Ma'anar sunan ita ce kan ƙarfe, saboda launin kansa da bayansa. Ɗan'uwan salmon ne na kusa, yana kuma zuwa teku ya komo kamarsa, amma da bambanci guda babba: ba lalle ne ya mutu bayan zuba ƙwai ba. Waɗansu sukan koma teku su sāke dawowa. Wani abin mamaki kuma, a cikin ƙwan uwa ɗaya wani ɗa zai tafi teku ya zama sitilhed, ɗan'uwansa ya zauna a rafi duk ransa bai kai rabin girmansa ba. Waɗanda ke shiga Deschutes yawanci kilo 2 zuwa 4 ne, na Clearwater kuwa, waɗanda suka fi daɗewa a teku, sukan kai kilo 5 zuwa 9.

Wannan shi ne kifin da masu gashin tsuntsu suka fi ƙauna, daga watan Yuli zuwa Oktoba. Mutum yakan sa wandon roba har ƙirji, ya shiga ruwa a saman wani wuri mai gudu daidai saurin tafiyar ƙafa, mai zurfin ƙugu zuwa tsayin mutum, gama a irin nan ne kifin ke hutawa a bayan duwatsu. Ya jefa ƙudan a karkace zuwa ɗaya gaɓar, ya bar ruwa ya ja igiyar, ƙudan ya ratsa kogin a hankali har ya tsaya a ƙasa da shi. In ba a taɓa ba, ya yi taku biyu ko uku zuwa gangare, ya sāke jefawa. Jifa, taku, jifa, taku, har ya share wurin duka. In akwai wani masunci a gabansa, ladabin sana'ar shi ne ya shiga ta bayansa, kada ya tare masa ruwan da bai riga ya bi ba.

Ana yi masa kirari da kifin jifa dubu, gama mutum yana iya yin kwana uku bai ji ko motsi ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse. Amma ranar da ya kama, sai igiya ta fizge, faifan ya yi ta kuka, kifin ya yi tsalle sama da ruwa yana walƙiya kamar azurfa. Zaren ƙarshen siriri ne, in aka ja da ƙarfi ya tsinke, don haka sai a bar shi ya gudu, a jawo, ya sāke gudu, har ya gaji.

Abin da ya sami kogin

Yanzu bari mu koma kan miliyan 10 zuwa 16 ɗin nan. A shekarar 1866 aka buɗe masana'antar farko ta sa salmon a gwangwani a bakin kogin. Kafin shekara ashirin masana'antun sun yi yawa, a 1883 kaɗai aka kama shinuk mai nauyin fiye da fam miliyan 40. Har wata na'ura aka ƙera mai kama da babbar ƙafar keke, ruwa yana juya ta dare da rana tana kwasar kifi tana zubawa a akwati, sai da Oregon ta hana ta a 1926, Washinton kuma a 1934. Sarar itatuwa, da haƙar ma'adinai, da jan ruwa zuwa gonaki su ma suka ɓata rafukan da kifi ke zuba ƙwai.

Sa'an nan aka zo kan madatsun ruwa. An gama ta Bonneville a 1938, aka yi mata tsanin kifi, watau jerin tafkuna kamar matakala waɗanda kifi ke bi ya haura. Tun daga shekarar ake ƙidaya kifin da ke wucewa ta wurin. Amma madatsar Grand Coulee, wadda aka gama a 1942, tsayinta mita 168 ne, ba a kuwa yi mata tsani ba. Ta rufe wa salmon hanyar zuwa saman kogin gaba ɗaya, manyan shinuk na Kanada suka ƙare ke nan. Ranar 10 ga Maris, 1957, aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya haɗiye Celilo, mutanen wurin suna tsaye a kan tudu suna kallo. A kan babban kogin kaɗai an gina madatsu 14, a kan ƙasan Kogin Snake kuma, wanda shi ne babban reshensa, aka gina huɗu, ta ƙarshe a 1975. Kifin da zai je Idaho sai ya haura takwas.

Ba za mu ce madatsun ba su da amfani ba. Su ne suka ba yankin wutar lantarki mai araha, suka shayar da gonaki a busasshiyar ƙasa, suka sa jiragen dakon alkama suna tasowa daga garin Lewiston na Idaho har teku. Miliyoyin mutane suna cin moriyarsu. Kifi ne ya biya kuɗin.

Abin lura shi ne, babban kifi mai hawa bai sha wahala kamar ƙanana masu gangarowa ba. Kogin da dā yake gudu ya koma jerin tabkuna masu kwanciya, tafiyar da ambaliya ke kai 'ya'yan kifi cikin 'yan kwanaki ta koma ta makonni. Waɗansu sukan mutu a cikin injinan wuta, waɗansu su fito a jigace tsuntsaye da manyan kifaye su cinye su. Har ta kai ana kwasar su a jirgin ruwa da manyan motoci a wuce da su madatsun. Ruwa mai kwanciya kuma yana ɗaukar zafi, salmon kuwa in zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita. A 2015, shekarar da aka yi zafi ƙwarai, sokai kimanin 250,000 ne suka mutu a hanya.

A 1991 gwamnatin Amurka ta sa sokai na Kogin Snake cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. A 1992 kifi ɗaya tak, namiji, shi ne ya iso Tabkin Redfish, aka raɗa masa suna Lonesome Larry, watau Larry mai kaɗaici. Daga baya jerin ya kai rukuni 13 na salmon da sitilhed a yankin kogin.

Bas, baƙon da ya zauna

Sunansa ya yi kama da na motar haya, amma kifi ne, mai launin tagulla da jan ido, yawanci rabin kilo zuwa kilo biyu. Ba ɗan asalin Kolambiya ba ne. Daga gabashin Amurka mutane suka kawo shi domin jin daɗin fatsa, a Kogin John Day ma hukuma ce da kanta ta zuba shi a 1971. Shi ba ya zuwa teku, yana kuwa son ruwa mai ɗumi da duwatsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tabkunan da suka wahalar da salmon su ne suka zama masa gida mai daɗi.

Ga mai koyon fatsar gashin tsuntsu babu kamarsa. Daga Mayu zuwa Satumba akan jefa masa wani ƙuda mai kan toto wanda ke yawo a saman ruwa, a fizge shi kaɗan ya yi ƙara kamar kwaɗo, sai ka ga ruwa ya fashe. In ya ƙi tasowa a nutsar masa da mai kama da ɗan kifi. Yana da faɗa fiye da girmansa, ba ya kuma ɓata wa mutum lokaci. A John Day masunta sukan kama gommai a wuni guda, har yara ma suna samu.

Amma baƙon nan da 'ya'yan masu gida yake cika cikinsa. Lokacin da ƙananan salmon ke gangarowa ta gefen tabkunan shi ne lokacin da ruwa ya fara ɗumi, bas kuma ya fara farauta da ƙarfi. Yayin da rafuka ke ƙara zafi, yana ƙara hawa sama zuwa wuraren renon 'ya'yan salmon da sitilhed. Saboda haka a 2016 jihohin Oregon da Washinton suka ɗage iyakar yawan bas da mutum zai iya tafiya da shi gida daga Kolambiya. Masu ƙaunar bas, waɗanda har gasa suke shiryawa a kansa, ba su ji daɗi ba, gama su ma suna da otal-otal da shagunan da ke ci ta dalilinsa.

Wanda ake saki da wanda ake ci

A nan ne za mu gane mutumin da ke sakin kifinsa. Domin a cike gurbin abin da madatsu suka ɓata, an gina gidajen ƙyanƙyasar kifi da yawa, inda ake renon miliyoyin 'ya'ya a saki a kogi. Mafi yawan salmon da sitilhed da ke komowa daga can suka fito. Amma bincike ya nuna cewa kifin da aka rena a kwami bai kai na daji iya haihuwa a rafi ba, in kuma suka cakuɗu yana iya raunana irin. Don a bambance su, kafin a saki na gida akan yanke masa wani ɗan fiffike na tsoka da ke bayansa kusa da wutsiya, wanda ba ya sāke tsirowa.

Saboda haka abu na farko da mai kama sitilhed ke dubawa shi ne bayan kifin. In babu fiffiken, na gida ne, yana iya kai shi tukunya in lokacin ya halatta. In fiffiken yana nan, na daji ne, dole a sake shi. A wurare da dama doka ta ce a danne kunnen ƙugiya domin ta fita ba tare da yaga baki ba. A Washinton ma an hana fitar da irin wannan kifi daga ruwa gaba ɗaya. Masunci yakan jiƙa hannunsa, ya riƙe kifin a cikin ruwa kansa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, har ƙarfinsa ya komo ya fizge da kansa. Duk da haka waɗansu sukan mutu bayan sakin, musamman in ruwa ya yi zafi. Shi ya sa a 2021, sa'ad da sitilhed da aka ƙidaya a Bonneville lokacin zafi suka yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba tun 1938, aka rufe kamunsa a Deschutes da John Day, ko da na kamawa a saki ne.

Ƙabilun asali kuwa suna kallon abin ta wata fuska. A wurinsu salmon abinci ne mai daraja, wanda suke yi wa biki in na farko ya iso kowace shekara, waɗansunsu kuma ba su ga kyan a wahalar da kifi don wasa ba. A yarjejeniyoyin 1855 sun ba da ƙasa mai yawa, amma suka riƙe ikon yin su a wuraren da suka saba. An yi shekaru ana tauye musu wannan iko, har alƙali Robert Belloni a 1969 da alƙali George Boldt a 1974 suka tabbatar da shi, aka kai ga cewa rabin kifin da ya halatta a kama nasu ne. A 1977 ƙabilu huɗun suka kafa hukumarsu ta kula da kifin kogin, suka zama cikin masu gaba wajen gyara. Nez Perce ne suka komo da koho Kogin Clearwater daga tsakiyar shekarun 1990, bayan an riga an ce ya ƙare a can.

Inda maganar ta kwana

Akwai alamun da ke ƙarfafa zuciya. Wani yanki na kogin mai tsawon kilomita 82, wanda ake kira Hanford Reach, bai shiga ƙarƙashin tabkin kowace madatsa ba, shi ne kuma ya riƙe shinuk na daji masu yawa. A 2024 sokai fiye da 750,000 suka wuce Bonneville, adadin da ba a taɓa ƙidaya irinsa ba, yawancinsu suna nufar Kogin Okanagan inda ƙabilun wurin da hukumomi suka gyara yadda ake sakin ruwa. A shekarar kuma aka gama rushe madatsu huɗu a Kogin Klamath da ke kudu, cikin 'yan makonni aka ga salmon a rafukan da suka yi fiye da shekara ɗari ba su shiga ba.

Babbar gardamar ita ce ta madatsu huɗun Kogin Snake. Ƙabilu da masunta da masana da yawa suna cewa in ba a buɗe su ba kifin Idaho ba zai farfaɗo ba. Manoman alkama da kamfanonin wuta suna cewa buɗe su zai jawo tsada da asarar aiki. A Disamba 2023 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilu huɗun da jihohin Oregon da Washinton domin a farfaɗo da kifin a kuma nemi abin da zai maye gurbin amfanin madatsun. A Yuni 2025 Shugaba Donald Trump ya janye gwamnati daga cikinta.

Ya ku masu karatu, abin da labarin Kolambiya ya nuna a fili yake. Cikin shekara ɗari da ɗoriya aka rage arzikin da ya ciyar da mutane dubban shekaru, ba kuwa da mugun nufi aka yi yawancinsa ba, kowa dai gwangwaninsa da wutarsa da gonarsa yake nema, kowa yana cewa kifi ba ya ƙarewa. An kashe biliyoyin daloli ana neman a maido da abin da dā kyauta yake zuwa, har yau bai komo yadda yake ba. Mutumin da ke tsaye cikin ruwan sanyi yana zare ƙugiya daga bakin sitilhed ya riga ya yi lissafi. Ya san in wannan macen ta kai tsakuwar rafinta za ta zuba dubban ƙwai, watakila biyu ko uku su komo bayan 'yan shekaru, ɗansa ma ya sami abin jefa wa fatsa. In yana son na miya, ga bas nan, ba a ƙayyade masa ba.